Kafin Ka Ɗana Kibiya

Assalamu alaikum ɗana,

Saƙonka ya iso, na kuma ga hoton bakan da ka saya. Na ji daɗi ƙwarai, jinin kakanka ne ya motsa. Amma da ka ce kowane kan kibiya ka samu a kanti shi za ka ɗaura, hankalina bai kwanta ba.

Kakanka ɗan ƙarfe mai kunne maƙeri yake yi masa, ya shafe shi da dafin kwankwani. Ko a cinya ya sami gada, dafi zai ƙarasa aikin. Kai ba ka da wannan. Dokar jihar Minnesota ta Amurka ta hana dafi, ta hana kunne, ta ce kan kibiyar harbin barewa sai mai bakin ƙarfe biyu ko fiye, faɗinsa kada ya gaza 7/8 na inci. Kaifi kaɗai ke nan zai kashe maka dabba, ta zubar jini. Addini ma a nan ya tsaya. Da Adiyyu ɗan Hatim ya tambayi Annabi (SAW) kan farauta, an ce masa abin da tsini ya huda a ci, wanda gefen sanda ya buge har ya mutu kada a ci. Kada ka manta da bisimilla lokacin saki.

Iri biyu za ka tarar. Akwai mai kafaffen baki, akwai wanda bakinsa ke naɗe, sai ya taɓa jikin dabba ya buɗe. Na biyun ya fi tafiya a miƙe, rauninsa da faɗi, sai dai buɗewar nan tana cin ƙarfin harbi. Tunda ƙarfin jan bakanka fam 45 ne, mai kafaffen baki zan zaɓa maka, wanda ke yanka tun daga tsini, nauyinsa daidai da kan da kake koyo da shi. Yawanci giren 100 ne, kusan giram 6 da rabi.

In ka ɗaura, tsayar da kibiyar a kan tsininta bisa tebur, ka murza ta kamar katantanwa. Wadda ka ga wuyanta na rawa, cire ta. Sauran ka sa musu lamba, ka harba kowace a yadi 20, sannan 30. Bakin ƙarfen nan fiffike ne, iska yake kamawa, duk ƙaramar karkatar da ke cikin bakanka sai ya tona ta. In ya sauka dabam da kan koyo, baka za ka gyara tukuna. Wanda ya shiga abin gwaji kuwa ya dakushe, kada ya koma kwari sai ka wasa shi har ya aske gashin hannunka.

Ba a banza nake nanata maka ba. A shekarata ta biyu a can, cikin Oktoba, wata barewa ta tsaya mini a yadi 25. Na auna bayan kafaɗa, kibiya ta kauce ta shiga tumbinta, don ban taɓa gwada kan ba. Na bi jini da tocila har tsakar dare. Ɗigon da ke kan busassun ganye ya yi ta ƙanƙancewa, daga girman kwabo har ya koma kamar ƙwayar gero, ya ɓace. Ban same ta ba. Har yau in na tuna ta mutu a hankali cikin wahala saboda gangancina, sai in nemi gafarar Allah.

Don haka ka jira ta ba ka gefe, ka nemi huhu biyu. Bayan harbi ka zauna rabin awa, sannan ka duba kibiya. Jini mai haske da kumfa, huhu ne, bi sawu. In ka ji warin tumbi, ja da baya ka ba ta sa'o'i masu yawa, don in ka tashe ta ba za ka sake ganinta ba.

Tsakiyar Satumba ake buɗe farautar baka, kana da sauran lokaci. Ka turo mini hoton inda kibanka suka sauka a yadi 30 in gani. Mahaifiyarka na gaishe ka, ta ce ka riƙa sa rigar sanyi mai kauri.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka