Rahoton Ayyukan Shekarar 2024 na Ƙungiyarmu ta Masu Gudu da Motsa Jiki a Kano

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Shugaban taro, iyayen ƙungiya, masu horarwa da sauran 'yan'uwa membobi maza da mata, kwamitin gudanarwa na gabatar muku da bayanin abin da aka gudanar daga watan Janairu zuwa Disamba na shekarar 2024. Lissafin kuɗi da sunayen waɗanda suka biya kuɗin wata suna cikin takardar ma'aji, wadda za a karanta bayan wannan, don haka ba za a maimaita alƙaluma a nan ba. Kaso mafi girma na rahoton ya tsaya a kan rukunin sababbin shiga, domin su ne suka fi cin lokacin ƙungiya da ƙarfinta a bana, kuma a kansu ne ake neman shawararku.

Tsarin fitowa

Ranakun atisaye ba su canja ba: Talata da Alhamis bayan sallar asuba a filin makarantar da ta ara mana wuri, sai Asabar da ake yin doguwar fita a kan titi. Ana farawa da ɗumama jiki na kamar minti 10, sannan a shiga atisayen rukuni, wato tsugunawa da miƙewa, ɗaga jiki da hannuwa daga ƙasa, tsalle da igiya, da hawa da sauka a kan dakali, kafin a rabu gida biyu, tsofaffin hannu su kama hanyarsu, sababbi su tsaya da mai horar da su. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2020, ta ce ya kamata baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a kowane mako, tare da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Duk wanda ya halarci fitowar nan uku ya cika mafi ƙarancin wannan mizani ba tare da ya biya kuɗin gidan motsa jiki ba.

Rukunin sababbin shiga

Abin da aka daɗe ana gani a ƙungiyar nan shi ne mutum ya zo da zumuɗi a makon farko, ya hangi waɗanda suka shekara suna gudu sun yi gaba, ya ga ai ba zai yarda a bar shi a baya ba, sai ya bi su da iyakar ƙarfinsa. A mako na biyu ƙwaurinsa ya fara zugi, a na uku gwiwa ta ɗauka, daga nan sai dai a ji labarinsa a waya. Masu horarwa sun yi wa kwamiti bayanin dalili: zuciya da huhu suna saurin sabawa da gudu cikin 'yan makonni, amma ƙashi da jijiyoyi da gaɓoɓi suna buƙatar watanni kafin su iya ɗaukar dukan da ƙafa ke yi wa ƙasa. Saboda haka sabon shiga kan ji numfashinsa ya gyaru, ya zaci jikinsa duka ya shirya, alhali ƙafafunsa ba su kai ba tukuna.

A kan haka aka ware musu rukuninsu tun daga Janairu, da doka guda da ba a sassauta wa kowa ba, komai ƙuruciyarsa. A makon farko sassarfar minti 1 ce, sai tafiyar minti 2, a maimaita har a cika minti 20 ko ɗan fiye. Kowane mako ana ƙara tsawon sassarfar a rage na tafiyar, har cikin mako 8 zuwa 10 mutum ya iya yin rabin awa bai tsaya ba. Ba a duba agogon kowa don a san saurinsa. Ma'aunin da ake amfani da shi shi ne magana: idan mutum ba zai iya furta cikakkiyar jimla yana cikin sassarfa ba, to ya wuce kima, sai ya rage.

Wannan doka ta sha suka a farko, musamman daga matasa masu buga ƙwallon unguwa, waɗanda ke ganin tafiya a tsakiyar gudu abin kunya ce. Amma waɗanda suka halarci fitowar watan Fabrairu za su tuna wani dattijo ɗan kasuwa da ya shigo bisa shawarar likitansa, wanda a ranarsa ta farko ya dafa bangon makaranta yana haki tun kafin a gama zagaye na biyu. Mai horarwa bai ce masa ya daure ba. Ya jera da shi, ya ce, "Alhaji, ba ni labarin kasuwa. Duk inda labarin ya yanke, mu koma tafiya." Haka suka riƙa yi mako bayan mako, labarin farashin atamfa yana ƙara tsawo, har ranar da aka cika rabin awa Alhaji bai kai ƙarshen zancensa ba. Yana cikin waɗanda suka kammala kilomita 10 a watan Nuwamba, yayin da wasu daga cikin matasan da suka yi masa dariya ke jinyar ƙwauri a gida.

Matakai biyu ne suka fi taimakawa wajen riƙe mutane, kuma babu wanda ya ci ko sisi. Na farko, a kowace fitowa ana naɗa ɗaya daga cikin tsofaffin hannu ya zama mai tsaron baya, aikinsa shi ne ya kasance na ƙarshe ko da wane ne ya gaji, ta yadda sabon shiga ba zai taɓa waiwayawa ya ga babu kowa a bayansa ba. Na biyu, an haɗa kowane sabo da wani memba na unguwarsu, su riƙa tahowa tare daga masallaci. Mutum zai iya yi wa kansa uzuri da asuba cikin sanyi, amma yana jin nauyin ya bar maƙwabcinsa tsaye a ƙofar gida. Kwamiti ya lura cewa mafi yawan waɗanda suka daina zuwa a bana su ne waɗanda ba a samar musu abokin tahowa ba, saboda nisan unguwanninsu.

Yanayin shekara

Watanni biyu na farko hunturu ne, kuma ƙurar hazo ta fi sanyin damun mu. An shawarci masu asma da masu yawan mura su riƙa zuwa da maganinsu, kuma a ranakun da hazo ya yi kauri an taƙaita gudu an tsaya a atisayen cikin fili.

Azumi ya kama ranar 11 ga Maris, aka yi ƙaramar salla ranar 10 ga Afrilu, wato ya faɗo a tsakiyar bazara, lokacin da zafin Kano kan haura digiri 40 da rana. Kwamiti ya dakatar da fitowar asuba gaba ɗaya, domin wanda ya zubar da gumi da safe ba shi da damar mayar da ruwan jikinsa sai magariba. An mayar da haɗuwa bayan sallar asham, sau biyu a mako, tafiya da sassarfa mara nauyi kawai, kuma a goman ƙarshe an rufe baki ɗaya. Wasu sun ji tsoron ƙoƙarinsu na watanni biyu zai zube. Abin da aka gani bayan salla shi ne waɗanda suka riƙe fitowar dare sun koma matsayinsu cikin ɗan lokaci, waɗanda suka ajiye takalmi wata guda kuwa sai da aka mayar da su baya a jadawali.

Damina ta kawo sauƙin zafi da wahalar fili, don ruwa kan kwanta a gefen gabas na makarantar. A farkon Agusta an rasa wasu fitowa saboda dokar hana fita da aka sa a jihar lokacin zanga-zanga.

Daga Oktoba aka shigar da hawan Dutsen Dala cikin fitowar Asabar, sau biyu a wata. Ana isa gindin dutsen kafin rana ta fito, a hau matakalar a hankali, a huta a sama har numfashi ya daidaita, a sauko da tafiya. Masu horarwa sun hana gudu a wajen saukowa, domin a nan ne gwiwa ta fi shan nauyi, kuma a nan ne santsi ya fi kayar da mutum. Ba a bar kowa ya hau ba sai wanda ya riga ya iya rabin awarsa a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa.

Gwaji da tsere

An gudanar da gwajin cikin gida sau biyu, kilomita 5 a watan Yuni da kilomita 10 a watan Nuwamba. A fili mai hanyar gudu ta mita 400, kilomita 5 zagaye 12 da rabi ne, kilomita 10 kuma zagaye 25, amma an zaɓi titi domin mutane su saba da abin da za su tarar a tseren gaske: kwalta, gangara, da shan ruwa ana cikin tafiya. An fita da sassafe kafin adaidaita sahu su cika hanya, aka sa 'yan sa kai a kowace mahaɗa da ruwan leda. Ba a ba da kyautar na ɗaya ba. Kowa ya karɓi takarda ɗauke da lokacinsa, don ya gwada da na gaba.

Tseren da ake shirin halarta yanzu shi ne gudun fanfalaki na birnin Legas, wanda aka fara a 2016 kuma aka saba yi a watan Fabrairu. Babban tseren kilomita 42.195 ne, a mafi yawan shekarun da suka gabata yakan tashi daga babban filin wasa na ƙasa da ke Surulere, ya ratsa doguwar gadar nan ta uku da ke kan ruwa, ya ƙare a unguwar Eko Atlantic da ke bakin teku, kuma 'yan Kenya da Habasha ne suka fi lashe shi. Akwai kuma na kilomita 10 a rana guda, kuma a shi ne kwamiti ya amince sababbin shiga su yi rajista. Wasu sun nemi a bar su su shiga babban, suna cewa tun da an biya kuɗin mota har Legas gara a yi mai gaba ɗaya. Kwamiti bai amince ba, kuma yana nan a kan bakansa: wanda bai cika shekara yana gudu ba, ba shi da abin da zai samu a kilomita 42 sai rauni. A kuma tuna cewa iskar Legas mai laima ce, gumi ba ya saurin bushewa kamar yadda muka saba a nan, don haka saurin da mutum ke yi cikin sauƙi a hunturun Kano zai yi masa nauyi a can.

An kuma tattauna tseren kilomita 10 na Okpekpe a jihar Edo, wanda aka fara a 2013 kuma ake yi a watan Mayu. Hanyarsa hawa da gangara ce, shi ya sa aka fara atisayen Dala tun yanzu. Kada kowa ya karaya idan ya ga 'yan Filato sun yi masa fintinkau a irin waɗannan wurare. Jos tana kan tudun da ya kai kimanin mita 1,200 sama da teku, Kano kuwa ba ta kai 500 ba, kuma wanda ya tashi yana gudu a kan duwatsun Pankshin ba sa'an mai shekara ɗaya a fili ba ne.

Mata, lafiya da takalma

Rukunin mata ya ci gaba da haɗuwa a cikin harabar da ke da katanga, ƙarƙashin mai horarwa mace, da jadawali iri ɗaya da na maza. Sun nemi a mayar musu da fitowar tsakiyar mako zuwa bayan an kai yara makaranta, kuma an yi hakan. Ƙorafinsu da ya rage shi ne rashin amintacciyar hanya ta doguwar fita, kuma wannan yana cikin abin da ke gaban sabon kwamiti.

Wata ma'aikaciyar jinya daga cikin membobi ta riƙa auna hawan jinin kowane sabon shiga kyauta. Duk wanda awonsa ya kai 140 bisa 90 a fiye da zama ɗaya, ko yake da ciwon suga, ko ya taɓa jin ciwon ƙirji, an tura shi ya ga likita kafin a sa shi a jadawali. Ta haka wasu suka san suna da hawan jini a karon farko.

Takalmi ya kasance babbar matsala, ganin yadda farashin sabo ya fi ƙarfin yawancinmu. Mafi yawa gwanjo ake saye a Ƙofar Wambai, kuma babu laifi a cikin hakan idan an iya zaɓe. A duba ƙasan takalmin kada ya kasance ya cinye ta gefe guda, a danna tsakiyarsa a ji ko da sauran taushi, a kuma bar sararin da ya kai faɗin babban yatsa a gaba, domin ƙafa na kumbura a doguwar tafiya. Kambas ɗin makaranta da takalmin ƙwallo mai ƙusoshi ba na gudun kwalta ba ne.

Abubuwan da ke buƙatar amincewar taro

Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ke hawa, kuma ƙarin farashin da aka samu a Satumban bana ya sa asusun ƙungiya ba zai iya ɗaukar nauyin masu zuwa Legas ba. Masu niyyar tafiya sun kafa adashi a tsakaninsu, kuma kwamiti na roƙon taro ya amince a mayar da shi tsari na dindindin a hannun ma'aji.

Ana kuma neman amincewarku a rubuta dokar rukunin sababbin shiga cikin kundin ƙungiya, ta yadda ba wanda zai koma babban rukuni sai mai horarwa ya tabbatar ya kammala rabin awarsa, kuma aikin tsaron baya ya zama juyi a kan kowane tsohon memba, ba sai wanda ya ga dama ba. Na ƙarshe, membobin da ke zaune a unguwanni masu nisa sun nemi a buɗe musu wurin haɗuwa na biyu. Kwamiti na goyon bayan haka, da sharaɗin a fara samun mutum biyu daga cikinsu da za su ɗauki nauyin horarwa da riƙe rajista.

Muna godiya ga hukumar makarantar da ta ara mana fili, da masu horarwa da ba su karɓi ko kwabo ba, da 'yan sa kai na ranakun gwaji. Za a buɗe rajistar sabon rukuni a wajen sakatare da zarar an tashi daga wannan taro, kuma ana roƙon duk mai kawo sabon mutum ya zo da sunan wanda zai riƙa tahowa da shi.

Wassalamu alaikum.

Sakataren ƙungiya,
a madadin kwamitin gudanarwa