Wasiƙa zuwa ga ɗana da ke karatu a Malesiya

Babana,

Bayan gaisuwa, ya karatu, ya zaman baƙunta? Mu nan sai godiyar Allah.

Kawunka ya ce ka yi masa waya a nemo mai sayen gonar fadama. Ni sai a bakinsa zan ji? To ban yarda ba. Akwai rabon ƙannenka a ciki, kuma ka san abin da mahaifinku, Allah ya jiƙansa, ya sha kafin ta dawo hannunmu.

Na san ba almubazzaranci kake yi ba. Da ka tafi dala ba ta kai naira 500 a farashin gwamnati ba, aka saki naira a 2023, kafin mu ankara ta haura 1,500. Guzurin shekara uku ya ƙare tun ba a je ko'ina ba. Ga kuɗin makaranta, ga haya, ga sabunta biza, yanzu kuma wai sai an buga maka bincike a mujalla kafin a bari ka kare kundin digirinka. Ni na ce ka tafi, da na ga yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, na 2022 ya cinye wata takwas, kuma ko yau haka zan ce.

Abin da ke hana ni barci matarka ce. Yarinyar nan ta rame. Rabin albashinka can yake binka, ita ke ɗinkin hula har tsakar dare don kuɗin makarantar yara, ba ta taɓa ce mini uffan ba. Ranar Juma'a mahaifiyarta ta zo, ko ruwa ba ta sha ba, sai tambayar yaushe za ka dawo. Na san inda irin wannan tambaya take dosa. Ƙaramin kuwa, in ka kira a bidiyo, bayan zanen mamansa yake ɓuya. Kai kuma kullum "ina laburare, zan kira anjima". Haka aka ce maka ana riƙon 'yar mutane? Digirin digirgir ne ya hana ka tambayar ko akwai hatsi a gidanka?

Kada ranka ya ɓaci, na san kai ma kana cikin wani hali. Zan ba ƙanwarka sarƙar zinarena da tumaki biyu ta sayar a turo maka. Ka kira matarka yau, ku yi hira ta sosai, sannan ka faɗa mini tsakani da Allah wata nawa ya rage, in san abin da zan gaya wa surukanka.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka