Rahoton ayyukan ƙungiyarmu na shekara daga sakatare

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shugaba ya ce in turo rahoto kafin taron Asabar don kowa ya karanta a gida, to ga shi, don Allah a karanta har ƙarshe kar a zo ranar ana tambayar abin da anka riga anka rubuta.

Tarukan wata duk mun yi su in ban da na watan azumi.

Abin da ya fi faranta mani rai a shekarar ga shi ne bitar da munka shirya wa 'yan SS3 kafin WAEC, kan yadda ake rubuta insha'in bayani a kan adabi. Kun san tun bara malamanmu masu zuwa duba takardun jarrabawa, wato makin, ke kawo kuka iri ɗaya, yaro ya karanta littafi sarai, ya san labari daga farko har ƙarshe, amma in anka ce ya tattauna jigo ko ya yi bayanin halin tauraro sai ya ɗauko labarin ya juye shi duka a takarda, shafi biyu cur, ya fito yana murna ya cika, alhali bai taɓa tambayar ba. Wannan munka sa gaba, kuma wallahi Allah ya dafa mana.

Yara sun zo daga Mabera da Arkilla da Runjin Sambo, har da wasu 'yan mata da malamarsu ta kwaso a keke tun daga Wamakko, kujeru sunka ƙare sai tabarmi munka shimfiɗa a baya, ga zafi ga ba wuta amma ba wanda ya tashi. Malamin da ya zo mana daga Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko kuɗin mai bai karɓa ba, Allah ya saka masa da alheri. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam munka yi aiki da shi saboda gajere ne kuma kusan kowa ya taɓa karanta shi, malam ya fara da ba su tarihinsa a taƙaice, cewa daga gasar rubutu ta 1933 ya fito, sannan ya rubuta tambaya ɗaya a allo: yi bayanin rawar da Malam Zurƙe ya taka a littafin. Ya ce kowa ya ajiye biro, ba mai rubuta komai sai ya iya faɗin amsarsa da baki cikin jimla ɗaya. Nan fa aji ya yi tsit. Wani ya tashi ya fara "wata rana Alhaji Imam ya isa wani gari", malam ya ce zauna ɗana, labari ka ɗauko. Can wata yarinya daga kan tabarma ta ce ita a ganinta Zurƙe abokin gaba ne da anka sa don wayon Alhaji Imam, tauraron littafin, ya fito fili, in babu shi ba wanda zai gwada wayon a kansa. Malam ya ce to wannan ita ce gabatarwarki 'yata, saura hujja.

Daga nan anka bi da su sannu a hankali, kowane sakin layi magana ɗaya zai ɗauka, ka faɗi maganar, ka kawo wuri ɗaya daga littafi da ke nuna ta, sannan ka bayyana yadda wurin ya nuna ta, kuma wannan na ukun shi ne yaranmu ke tsallakewa kullum. An nuna masu bambancin jigo da salo da zubi da tsari, da yadda za su ja layi ƙarƙashin kalmar da tambaya ta rataya a kai kafin su fara. Bayan azahar kowa ya rubuta nasa munka yi makin nan take da jan biro yaro na zaune gefenka yana gani. Ni dai a ganina wannan zaman na gefe ya fi laccar kanta amfani.

To sai maganar da ba na son yi amma dole. Ɗan littafin samfurin amsoshi da munka yi alkawarin bugawa bai fito ba, kuma na ji ana cewa kwamiti ya yi sakaci. Ba sakaci ba ne. An gama rubutu, an buga a kwamfuta, ɓangaren zube da wasan kwaikwayo duk an duba, na waƙa kawai ya rage saboda wanda ya karɓi aikin tun bayan ƙaramar salla bai dawo da shi ba kuma ba ya ɗaukar waya. Ko da ya kawo ma da me za a buga? Kuɗin takarda ya tashi, mai ɗab'i ya ce sai an ba shi rabi kafin ya taɓa, asusu kuwa abin da ke ciki bitar ta cinye, ruwan sha da fotokwafi da abincin yara. Shirin zuwa makarantun Bodinga da Kware kafin NECO shi ma haka ya rushe, ba kuɗin mota, kuma yaran can su sunka fi buƙata don wasunsu aji guda littafi ɗaya suke karɓa-karɓa.

Waɗanda sunka biya kuɗin wata cikakke ba su kai rabinmu ba. Ni da ma'aji mun gaji da bin mutane, ka tura saƙo a WhatsApp a karanta a yi shiru, ka haɗu da mutum a masallaci ya ce gobe in sha Allahu, goben ba ta zuwa. Mun san halin da ake ciki, albashi ba ya kai ƙarshen wata, wanda ya zo ya faɗi uzurinsa ba mu taɓa matsa masa ba. Abin da ke ci mani rai shi ne mai hali da ba ya biya, ba ya zuwa taro, ranar bita ba a gan shi ba, amma da hotuna sunka fita shi ne farkon mai cewa ƙungiyarmu ta yi ƙoƙari.

Ranar Asabar ma'aji zai zo da littafin kuɗi kowa ya duba sunansa da idonsa. Muna kuma neman mutum biyu da za su karɓi ɓangaren waƙa su gama shi kafin a koma zango na biyu, mai iyawa ya kira ni kafin Juma'a.

Sakatare