Masu kallo ne suka ɗaga tsohon fim ɗin nan na 1934

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan wani tsohon fim na Amurka, don abin yana damuna yadda matasanmu da zarar sun ga fim baƙi da fari sai su ce a canza, ko minti biyar ba za su ba shi ba. Sunan fim ɗin It Happened One Night, ya fito a 1934, Frank Capra ne darakta, Clark Gable da Claudette Colbert su ne jaruman. Duk wanda ya taso da kallon Indiya ya san labarin ko bai taɓa jin sunan ba, domin daga nan aka ɗauko Chori Chori na Raj Kapoor da Nargis a 1956, haka ma Dil Hai Ke Manta Nahin na Aamir Khan da Pooja Bhatt a 1991.

'Yar wani attajiri ce mai suna Ellie ta auri wani matuƙin jirgin sama ba da yardar babanta ba, baban ya tsare ta a jirgin ruwansa a Florida, ita kuma ta faɗa ruwa ta gudu ta hau bas ɗin dare za ta New York wurin mijin, a cikin bas ɗin ta haɗu da Peter, ɗan jarida da aka kora daga aiki, ya gane ta ya ce zai kai ta amma labarin nasa ne shi kaɗai. Daga nan sai faɗa da gardama har so ya shiga.

Abin da nake so mutane su sani shi ne ba masu kuɗi ko manyan 'yan jarida ne suka ɗaga fim ɗin nan ba. Columbia da ta shirya shi a lokacin ƙaramin kamfani ne, ita kanta Colbert ba ta so fitowa ba sai da aka ba ta dala 50,000 da sharaɗin a gama cikin mako 4. Da aka fara haska shi a manyan birane cinikin ba yabo ba fallasa. Sai da ya isa sinimomin ƙananan garuruwa mutane suka kama shi, wannan ya gaya wa wancan, wasu su kalla su sake komawa. Kuma dalilin a fili yake. Lokacin Amurka tana cikin matsin tattalin arziki, a 1933 kusan mutum 1 cikin 4 na masu iya aiki ba shi da aikin yi. Talaka ya biya kuɗin tikiti da ƙyar ya shiga, sai ya ga irin bas ɗin da yake hawa, ya ga fasinjoji da ba su san juna ba sun haɗa baki suna waƙa a hanya, ya ga 'yar mai kuɗi aljihu ya bushe tana kwana a cikin ciyawa, yunwa ta sa ta ci ɗanyen karas ɗin da ta raina da farko. Yaya ba zai so shi ba?

A 1935 fim ɗin ya kwashe manyan kyaututtukan Oscar guda 5, na fim da darakta da jarumi da jaruma da rubutun labari, kuma sai da aka yi sama da shekara 40 kafin wani ya sake yin haka. Colbert ma ba ta sa ran komai ba, daga tashar jirgin ƙasa aka ɗauko ta ta zo ta karɓa.

Wuri biyu ne suka fi tsaya min a rai. Na farko da dare ya yi musu, kuɗinsu bai kai na ɗaki biyu ba, sai Peter ya ɗaura igiya tsakanin gadajen ya rataya bargo, ya ce ga katangar Jericho, wato ganuwar wani tsohon birni da aka ambata a Baibul. Ita tana can gefe tana jin motsinsa, shi yana nan kwance idonsa biyu, ana ruwan sama a waje, kowa da abin da ke ransa amma ba mai faɗa. Wallahi soyayyar da ke wurin nan ta fi ta finafinai da yawa na yanzu da ake ta kuka da rantsuwa. Na biyu kuma can ƙarshe, baban ya sa ladan dala 10,000 ga wanda ya gano 'yarsa, Peter ya zo ofishinsa da 'yar takarda, baban ya ɗauka ladan ya zo karɓa, ashe dala 39 da santi 60 kawai yake nema, kuɗin da ya kashe a hanya. A nan tsohon ya gane wane ne mutumin kirki, har shi da kansa ya ba 'yarsa shawarar ta bi wanda zuciyarta ke so.

Ba na cewa komai na ciki ya dace da tarbiyyarmu fa. Akwai inda ta ɗaga siket ta nuna ƙafa don mota ta tsaya, akwai shan giya, kuma al'adarsu daban ce. Amma marubutan Kannywood da ke kukan cewa dokar hana taɓa juna ta ɗaure musu hannu ya kamata su zauna su kalli wurin bargon nan da kyau, jaruman nan biyu har fim ya ƙare ba a nuna sun sumbaci juna ba, magana ce da kallo da shiru suka yi aikin.

Roƙona gare ku Malam Edita, ku ware ɗan gurbi a shafin nishaɗi ko sau ɗaya a wata don tsofaffin finafinai irin wannan. Masu fassara finafinan Indiya zuwa Hausa su ma don Allah su gwada wannan, gardamar da ke tsakanin Peter da Ellie za ta zauna daram a bakin Bahaushe, kuma na tabbata iyayenmu mata da suka haddace Chori Chori za su fi kowa murna.

Na gode, Allah ya ƙara ɗaukaka jaridarmu.

Mai karanta ku kullum,
daga Zariya