Godiya ga ma'aikatan Gidan Barish Manco da ke Moda, Istanbul

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan Gidan Barish Manco, da Ƙaramar Hukumar Kadikoi mai kula da gidan.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya.

Ni ɗan kasuwa ne daga Kano, abaya da kayan yara nake saro, kuma duk zuwana Istanbul ba ya wuce Laleli, unguwar 'yan sari. Daga masauki sai shago, daga shago sai wurin masu tura kaya, daga nan sai filin jirgi. A wannan zuwan ne kawai na hau jirgin ruwa daga Eminonu na tsallaka Kadikoi, babu saye babu sayarwa, don in ga gidan Barish Manco, mawaƙin Turkiyya da na daɗe ina jin muryarsa ban san me yake faɗa ba. Da gangan na rubuta wasiƙar nan da Hausa, saboda 'yan uwana masu zuwa fatauci birninku su karanta. Ɗan yayata da ke karatu a wajenku, wanda ya raka ni ranar, ya yi alkawarin juya muku ita da Turkanci.

A shagon wani dattijo da nake sayen kaya hannunsa na fara jin Barish Manco. Muna tsakiyar ciniki, an kawo shayi a 'yan kofunan nan masu siririn ƙugu, sai wani kiɗa ya taso daga rediyo kamar kukan goge da asuba. Na ajiye biro. Dattijon ya ce sunan waƙar "Dağlar Dağlar", wato duwatsu, ta 1970 ce, kuma abin da na ɗauka goge ne su kemence suke ce masa. Da ya nuno mini hoton mai waƙar a waya sai na tuntsire da dariya: gashi har kafaɗa, gashin baki ya zubo gefen haɓa, zobba a yatsu kamar mai tallansu. Na ce yanzu wannan ne mai wannan murya? Dattijon bai yi dariya ba. Ya ce ranar da mutumin nan ya rasu, a farkon Fabrairun 1999, shi ƙato mai iyali sai da ya yi hawaye.

Mun iso gidanku da yamma, ana yayyafi, mun jiƙe. Na zaci za a karɓi kuɗin shiga a nuna mana ƙofa da yatsa, a bar mu mu yi ta kallon tufafi a cikin gilashi. Sai wata baiwar Allah daga cikinku ta lura ni baƙo ne na nesa, ta tambayi ɗan yayata daga ina muke. Da ta ji Najeriya sai fuskarta ta washe, ta fara kirana "amja", wanda yaron ya ce mini baffa ke nan. Daga nan ba ta bar mu ba har muka gama zagaya gidan, ɗaki bayan ɗaki, tana magana a hankali tana jira a fassara mini.

Ita ta warware mini abin da ya ɗaure mini kai tun daga harabar gidan: me ya kawo mutum-mutumin tumatir da tattasai da gauta da jaki gidan babban mawaƙi? Ashe duk daga waƙoƙinsa suke, ɗaya a kan mai tallan kayan miya da ya katse wa saurayi hanzari, ɗaya a kan jakin da mawaƙin ya kira abokinsa. Ta nuna mini babban fiyanonsa, da kayan da yake sawa a dandamali, da zobban nan da na yi wa dariya. Kada in ɓoye muku, da na shiga falo na hangi siffarsa da aka yi da kakin zuma, saura kaɗan in yi masa sallama. Kun ga abin da ya faru, kun kuma kawar da kai kamar ba ku gani ba. Wannan ma na gode.

Babban abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne waƙar "Gülpembe". Shekara da shekaru ina kunna ta a mota tsakanin gida da Kantin Kwari, na yanke wa kaina hukuncin cewa waƙar soyayya ce, saurayi ne ke begen budurwa. Mu da muka tashi da waƙoƙin Indiya mun saba da haka, mu ji sauti mu ƙirƙiro wa kanmu ma'ana, mu rera kalmomin a karkace ba tare da kunya ba. Ma'aikaciyarku ta ce a'a, kakarsa ya yi wa ita bayan ta rasu, kuma tana cikin kundin waƙoƙinsa na 1981. Ta sa aka kunna, tana tsayar da ita tana bayani. Ni ma kaka ce ta raine ni. Ban san lokacin da na juya fuskata wajen taga ba. Ba wanda ya ce mini komai, sai kujera da aka turo mini.

Ba ni kaɗai ba ne baƙo ranar. Akwai wasu tsofaffi biyu, miji da mata daga Japan, da suka tsaya gaban hotuna sun fi kowa daɗewa. Matar tana bin wata waƙa da leɓe, kalma bayan kalma, alhali ko ruwa ba za ta iya roƙa da Turkanci ba. Na tambayi dalili, aka ba ni labari. A 1890 wani jirgin ruwan Daular Usmaniyya mai suna Ertugrul ya nutse a gaɓar Japan, mutanen ƙauyen wurin suka ceci waɗanda suka tsira, daga nan zumunci ya ƙullu tsakanin ƙasashen biyu. Da shekara 100 ta zagayo, Barish Manco ya je Japan ya yi wasa, ya sake komawa, har daga baya aka fitar da kundi a 1996 na wasannin da ya yi a can. Kun nuna mini bidiyon wani taro da ya yi da ɗaliban jami'a: yana jefa musu magana da harshensu, su kuwa sun miƙe tsaye suna kaɗa tutoci, ɗakin kamar zai tsage. A ganina ba kiɗan kaɗai ya kama su ba. Mutum ya taso daga wata duniya ya wahalar da harshensa don ya gaishe ka da naka, ai ya gama da kai. Mu Hausawa mun san wannan, Bature ya ce "sannu" a kasuwa, an rage masa kuɗi.

Akwai kuma wasu samari Turawa uku, su neman tsofaffin fayafayan garmaho ne ya kawo su Kadikoi. Waƙarsa "Dönence" suke ta yabo, suna kwatanta ta da kiɗan ƙasashensu na shekarun 1970, suna ambaton Cem Karaca da Erkin Koray, abokan zamaninsa a salon da ake kira rok na Anatoliya. Gaskiyarsu ce, jita da ganguna na Turawa ne, shi kansa a Beljiyam ya yi karatun zane. Amma na ga kamar rabin tuwon suka ci suka bar miyar.

Miyar ita ce maganar. Da aka riƙa fassara mini sai na ga mutumin nan maroƙin hikima ne irin namu: karin magana, labarin talaka da mai kuɗi, tunatarwa kan halal da mutuwa, ga kuma ambaton sunansa a baitin ƙarshe kamar yadda mawaƙan gargajiyarsu suke yi, kamar yadda namu ma suke yi. Ƙungiyar makaɗansa ma, Kurtalan Ekspres, sunan jirgin ƙasa ta ci, mai tafiya can kudu maso gabashin Turkiyya. Baƙon da bai sami mai yi masa wannan bayani ba zai koma gida da daɗin sauti kawai, kuma abin da kuka hana ya faru da ni ke nan.

Na kuma fahimci dalilin da ya sa ba ku ƙosawa da baƙi. Mai gidan da kansa ya zaga ƙasashe sama da 100 da shirinsa na talabijin da ya fara a 1988, wanda sunansa ke nufin daga ɗan shekara 7 zuwa ɗan 77, yana nuna wa mutanen Turkiyya yadda wasu al'ummomi ke rayuwa. A shirin ne yake karanta adireshinsa da lambar gidan waya 81300, wadda na gani a gidan. An haife shi a Uskudar a 1943 ana tsakiyar yaƙin duniya, aka sa masa suna Barish, wato zaman lafiya. Tun 2010 da aka buɗe gidan ga jama'a, ku ne kuke karɓar masa baƙi, kuma kun riƙe amanar.

Roƙona ɗaya ne, kuma ba ƙorafi ba ne. Idan da hali, a tanadi 'yar takarda mai bayanin ma'anar fitattun waƙoƙin da Larabci da Faransanci, domin 'yan Afirka da yawa da ke Laleli da Aksaray da su suke karatu, kuma ba kowa ke da ɗan yaya mai jin Turkanci ba. In kuna son ta Hausa, ni da yaron nan mun ɗauki nauyi.

A isar da gaisuwata ga baiwar Allah da ta kira ni baffa, da mai gadin da ya ara mana lema har bakin titi. Na riga na gaya wa dattijon Laleli cewa na daina dariyar zobba. Bayan Sallah ina da lodin kaya, in Allah Ya yarda zan sake tsallakowa, wannan karon da uwargida, don ita ma har yanzu ba ta yarda cewa waƙar kaka ce ba.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya ƙara wa gidan albarka.

Naku,
wani ɗan Kantin Kwari, Kano