A riƙa ƙirga abin da ke faruwa bayan an fito daga tiyata

Malam Edita, assalamu alaikum.

Shekara 31 na yi ina aikin jinya, mafi yawansu a ɗakin da ake kwantar da waɗanda aka yi wa tiyata. Duk ƙarshen shekara sai ka ji ana shelar an yi wa mutum kaza aikin ƙaba, kaza aikin ido. Madalla, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Ban taɓa jin an faɗi mutum nawa ne ɗinkinsu ya yi ruwa ba, nawa aka mayar ɗakin tiyata, nawa suka rasu kafin sallama.

Har gobe ina tuna wani dattijo da aka yi wa aikin hanji. Aiki ya yi kyau. Dare na uku, ni kaɗai ce a kan gado sama da talatin. Ɗansa ya same ni ya ce, "Sista, jikin Baba ya yi zafi." Ina kan wani mai zubar da jini, ban isa gadonsa ba sai gab da asuba. Da hantsi ya cika, Allah Ya jiƙansa. Kwana ya ƙare, na yarda, amma a lissafin shekara cikin ayyukan da aka yi aka sa shi, babu inda aka rubuta wancan daren.

Wani bincike da aka wallafa a 2018 ya bi marasa lafiya 11,422 a ƙasashen Afirka 25, har da Najeriya. Kusan ɗaya cikin biyar sun sami matsala bayan aiki. Waɗanda suka rasu sun ɗan haura biyu cikin ɗari (a ayyukan da ba na gaggawa ba, mace-macen sun kai ninki biyu na yadda ake gani a duniya), kuma galibinsu ba ranar aikin suka rasu ba, sai a kwanakin da suka biyo baya, a irin ɗakin da na yi aiki.

Roƙona ga kwamishinonin lafiya: kowane asibiti ya buɗe littafi guda. A rubuta ɗinkin da ya lalace, da wanda aka sake yi wa aiki, da wanda ya rasu cikin kwana talatin, da yawan ma'aikatan jinya a kowane dare. Wanda aka sallama a kira shi a waya, ai akwai lamba a katinsa. Kada kuma a mai da littafin sandar dukan ma'aikata, don in aka yi haka ɓoyewa za a yi. A duba shi duk wata uku, ɗakin da aka ga ya fi rasa mutane a fara ƙara masa ma'aikatan dare.

Wassalam,
Wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya, Zariya