Hotunan Gidajen da Aka Ja a Kan Teku

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi magana a kan tsofaffin hotunan da ke yawo a intanet, waɗanda ke nuna gidan katako yana tafiya a kan ruwa, ƙananan jiragen masunta na jan sa da igiya. Yawanci ana yaɗa su ba tare da bayani ba, sai mai kallo ya ɗauka abin nishaɗi ne kawai.

Da yawa daga cikinsu an ɗauke su ne a tsibirin Newfoundland na ƙasar Kanada, inda gwamnati ta tashi ƙauyukan masunta kusan 300 tsakanin 1954 da 1975, ta mayar da mutane kimanin 30,000 garuruwan da ke da makarantu da asibitoci. Iyalan da ba su da halin gina sabon muhalli sukan ɗaura wa gidan da suka gada gangunan mai da babu komai a ciki domin kada ya nutse, maƙwabta su taru su tura shi bakin ruwa, sannan a jira ranar da teku ta lafa. Wanda ya ɗauki irin wannan hoto ya adana shaidar rabuwar mutane da ƙasar kakanninsu da maƙabartunsu, kuma a ganina zalunci ne a raba hoton da labarinsa.

Don haka ina roƙon jaridarmu, duk lokacin da za ta buga irinsa, ta rubuta wurin da shekarar da sunan mai ɗaukar hoton.

Wassalam,
Mai karatunku daga Zariya